Makaɗin Fim da Matsayinsa: Tarke a Kan Tafarkin Sana'ar Adam A. Zango

1.0 Gabatarwa

A waƙar baka ta gargajiya makaɗi shi ne uban tafiya. Shi ke ƙaga waƙa, ya ɗora mata rauji, ya jagoranci 'yan amshi, kuma da sunansa ake kiran ta. Ba wanda zai ji kalangun Shata ko kotson Narambaɗa ya tsaya tambayar mai waƙar. Da finafinan bidiyo suka kankama, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai wannan aiki ya rabu gida huɗu: mai rubuta baiti, da mai kaɗa fiyano, da mai rerawa, da jarumin da ke motsa baki a gaban kyamara. Manufar wannan maƙala ita ce duba makomar na biyunsu, ta hanyar bin sawun mutum guda.

2.0 Daga Fiyano Zuwa Gaban Kyamara

An haifi Adam A. Zango a 1985 a ƙasar Zangon Katab, ya yi zama a Jos, sannan ya shiga harkar fim a matsayin makaɗi wajen 2001. Ya tarar da fage a share. Situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya riga ya saba wa kunnen masu kallo da fiyanon Yamaha, kuma kasuwar da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi ta nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Saboda haka makaɗi ya zama ginshiƙin ciniki, amma ladarsa ba ta wuce kuɗin aikin situdiyo ba. Hoton da ke jikin fosta na jarumi ne.

Zango bai daɗe a bayan fiyano ba. Ya koma rerawa da rawa da fitowa a fim, har ya kafa kamfanin kansa. A 2007 kotu ta ɗaure shi wata uku a Kano saboda faifan Bahaushiya, wanda ya saki ba tare da ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ba. Daga baya Basaja da Gwaska suka tabbatar da shi a matsayin jarumi. Abin lura shi ne, duk wani mataki da ya ɗaukaka sunansa ya ƙara nisanta shi da sana'ar da ya fara da ita. Haka ma Umar M. Shareef, mawaƙi, ya fito jarumi a Mansoor a 2017. A ganina wannan riba ce ga mutum, asara ce ga fanni, domin ba a bar makaɗi ya tsufa a kan kiɗa ba, balle salonsa ya nuna.

3.0 Kiɗan da Harshe

A nan ne batun ya shafi masana harshe. Makaɗin gargajiya kan bar kalma ta ja rauji, don haka karin sauti da tsawon wasali sukan tsira a mafi yawan ɗiyan waƙarsa. A situdiyo kuwa sau da yawa akan fara tsara kiɗa, wani lokaci bisa raujin Indiya, sannan a nemo kalmomin da za su cika gurbi. Idan rauji ya sauka a gaɓar da karinta ke sama, sai kukan masoyi ya koma kukar miya. Idan aka ja gaɓa marar nauyi don ta kai bugun ganga, sai kalma ta fita daga kamanninta. Kiɗan Zango yana da ƙarfi wajen bugu, yana tayar da mai rawa, kuma ba a raina wannan gwaninta. Rauninsa, wanda ya yi tarayya da tsararrakinsa a kai, shi ne harshe ke yi wa kiɗa biyayya.

A Keffi, inda aiki ya kawo ni, na ga nauyin wannan lamari fiye da yadda na gan shi a gida. Gari ne da Abdu Zanga ya kafa, ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kuma Hausa ce ke haɗa Gwandara da Eggon da Mada da Gbagyi a kasuwa. Da yawa daga ɗalibaina da Hausa ba harshen uwa ba ce gare su, waƙar fim na cikin malamansu na farko, kuma nakan ji karin waƙar a bakinsu sa'ad da suke karatu a aji. Na sha tambayar su wanda ya kaɗa waƙar da suka haddace. Sukan ambaci jarumi, wani lokaci mai rerawa, daga nan sai shiru.

4.0 Talabijin

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta sauya buƙata. Shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa ba ya dogara da rawa da waƙa. Abin da yake nema shi ne kiɗan take da kiɗan rakiya, wanda zai bi fushi da fargaba da makoki ba tare da kalma ba. Wannan shi ne ainihin aikin makaɗin fim, kuma Arewa ta taɓa ganin misalin kiɗan take mai dorewa a waƙar Bongos Ikwue ta shirin Cock Crow at Dawn na NTA a 1980. Sai dai ko a Labarina, da aka fara nunawa a 2020, Naziru M. Ahmad wanda muryarsa ta ƙawata shirin ya fito a cikinsa da fuskarsa. Mai kiɗan rakiya kuwa sunansa na can cikin jerin ƙarshe, lokacin da mai kallo ya riga ya tashi.