Kangon Ɗakin Ibada na Waliyyi Antoni a Edinbara

A gabashin birnin Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotilan, akwai wani tudu na duwatsu a cikin filin Holirud. A kan wani goshi na tudun nan wani kango yake tsaye, wanda Kirista suka gina don ibada, suka sa masa sunan Waliyyi Antoni. Labarinsa ya fito a takardu cikin shekarar 1426, sa'ad da Paparoma ya ba da kuɗi a gyara shi. Limaminsa na ƙarshe da aka rubuta sunansa yana nan a 1581. Yau bangon arewa ne ya rage, da ɗan guntun na yamma.

Ginin ƙarami ne, tsawonsa wajen ƙafa 43, faɗinsa wajen ƙafa 18. A gefen yamma an ɗora masa hasumiya mai tsawon kamar ƙafa 40. Rufinsa na dutse ne, an ɗaure shi baka-baka kashi uku, kusan yadda maginan Hausa ke ɗaurin bakan gizo a soro, sai dai su da azara da laka suke yi.

Abin yabo na farko shi ne tattalin magini. Ya cika jikin bango da tarkacen dutse, ya ajiye sassaƙaƙƙen dutse don bakin ƙofa da na taga, inda nauyi ke taruwa. Na biyu, ya san inda yake gini. Bangon arewa yana fuskantar teku da iska mai sanyi, saboda haka ya yi shi da kauri, ya tsuke tagoginsa. Shi ya sa bangon ya shekara wajen 600 bai durƙusa ba.

Amma fa akwai abin zargi. Wanda ya zaɓi wurin nan ya fi kula da a hango ginin daga nesa bisa ga a daɗe ana amfani da shi. Gini a kan goshin dutse, ruwa da iska na dukansa ta kowace fuska, kullum yana bukatar mai gyara. Ga shi kuwa tun labarinsa na farko maganar gyara ake yi. Da al'amuran addini suka sāke a Sikotilan cikin 1560, aka rasa mai kula, sai ginin ya yi ta zubewa.

Masu yawon buɗe ido sukan ce kangon ya fi kyau a rushe, musamman in an dube shi daga bakin tafkin da ke ƙarƙashinsa. Wannan magana ba ta yi wa magini adalci ba. Tafkin nan a 1856 aka haƙa shi, magini bai taɓa ganinsa ba. Shi ɗaki ya gina, mai rufi da ƙofa, inda mutum zai shiga ya tsere wa sanyi ya yi addu'a. Wanda ke son auna gwanintarsa sai ya hau tudun, ya tsaya daga ciki, ya dubi inda bakunan rufi suka taso daga bango. A nan hannun gwani ya bar shaida.