Barde ba doki: a kan wani mutum-mutumin siminti da fassarar kalmar «buste»

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu aiki ne da muka gani a rumfar wani magini a Magariya: kai da kafaɗu da ƙirjin wani barde, an zuba da siminti, girmansa ya ninka na mutum, an shafa masa fentin mai. Mai aikin ya ce barden zamanin Tanimun ne, sarkin Damagaram da ya rasu a 1884. Hannunsa ya faɗa, babu shakka. Ya fitar da zoben sulke ɗaya bayan ɗaya, ya bi naɗin rawani yadda ya kamata, bai zuba shuni wuri guda ba, ya bar ƙyallin da bugu ke sa wa turkuɗi. Duk da haka mun daɗe a tsaye ba mu gane ko wane ne ba. Laifin ba na magini ba ne, na siffar da ya aro ne.

Abin da Faransawa ke kira «buste» gado ne daga Rumawa, kuma ya dogara ga zato guda: fuska ita ce mutum, ƙirji kuwa allo ne da ake karanta muƙami a kai. Hafsan dawakin Napoleon ana gane rundunarsa da girmansa daga hula da igiyoyin zinariya da lambobin da ke ƙirjinsa, saboda haka ana iya yanke shi daga ciki a aza bisa dutse ba a yi hasarar kome ba. Ko a can ma, da Géricault ya so nuna hafsan doki a 1812, sai ya zana shi bisa dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya.

A ƙasarmu harshe da kansa ya nuna inda muƙamin yake. Madawaki, wanda ake taƙaitawa Madaki, daga dawaki ya fito. Haka Ubandawaki da Sarkin Dawaki. Ƴan lifidi sun sami sunansu daga rigar auduga da ke rufe doki da mahayinsa, wato kaya ɗaya ne a jiki biyu. Fi'ilin «hau» kuwa shi ake yi wa doki, shi ake yi wa gadon sarauta, daga shi kuma aka sami hawan salla. In an cire doki, an cire sirdi da likkafa da jalala, an cire zagage da makaɗan da ke biye. Abin da ya rage shi ne kwalkwali ko rawani, sa'an nan amawali ya rufe baki da haɓa. Fuskar da «buste» ke nema ita ce mai sarauta ke ɓoyewa. Maginin ya ji wannan matsala, sai ya sauke amawalin don a ga gemu, ya kuwa fitar da mutumin da ya fi kama da liman.

Baƙon da ya ga mahayan yankin nan tun farko bai yi wannan kuskure ba. A littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826, mahayin Barno mai sulke da mai mashin Bagarmi mai lifidi duk bisa dawakinsu aka zana su. A Dakar har an kafa wa Malaw, dokin Lat Dior, mutum-mutuminsa shi kaɗai.

Akwai abu guda da siffar za ta iya riƙewa, maginin bai taɓa shi ba: tsagar fuska. Magariya da Dungas ƙasa ce ta mahaɗa, tsakanin Daura da Kano da Damagaram, ga kuma sarautun Sosebaki, Waca da Dungas da Mirriya, waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Mayaƙan Tanimun da na Amadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka ci a Tirmini a 1899, ba ƙabila ɗaya ba ne. Kumatun siminti masu santsi sun shafe wannan duka. Da ya sa tsaga, ko sunan barden bai fito ba, da asalinsa ya fito. Sunan kuwa dama ba ga magini yake ba, yana bakin maroƙa, cikin kirari, inda ake ambaton uba da gari da fagen da aka yi karo.

Saura batun fassara, wanda ɗalibanmu suka sha tayarwa. «Gunki» ba ta yi ba, domin tana ɗauke da ma'anar abin bauta, kuma ita ce ke sa mai kallo ya kau da kai tun bai duba ba. «Mutum-mutumi» ta fi sauƙi ga kunne, sai dai ita ce kalmar abin korar tsuntsaye a gona, kuma ba ta faɗi cewa rabi ne ba. «Hoto» ta yi faɗi da yawa. A waɗannan takardu mun tsaya ga «mutum-mutumi na iya ƙirji», muna sane da tsawonta. Shi maginin, da muka tambaye shi me yake kiran abin, sai ya ce «kai».