Himma ko Kayan Aiki? Sharhi a Kan Nasihohin Ramón y Cajal ga Mai Shiga Fagen Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna littafin da Santiago Ramón y Cajal (1852-1934), masanin ƙwaƙwalwa mutumin Sifen, ya rubuta don masu niyyar shiga aikin bincike, watau Reglas y consejos sobre investigación científica. Asalinsa jawabi ne da ya gabatar a Madrid a 1897. Abin tambaya shi ne, wanne daga cikin nasihohinsa ya kamata malamin jami'a ya isar ga ɗalibinsa, wanne kuma ya kamata ya ajiye?

2.0 Ƙarfin Littafin

Jigon littafin shi ne himma da naci sun fi baiwa muhimmanci. Rayuwar marubucin ita ce babbar hujjarsa. Camillo Golgi ne ya gano hanyar rina ƙwayoyin jijiya da sinadarin azurfa a 1873, amma sai da Cajal ya ga hanyar a 1887, ya kuma gyara ta, sannan ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ba a saƙe suke kamar koma ba. A 1889 ya ɗauki samfuransa zuwa taron masana a Balin don su gani da idonsu. Su biyun aka ba kyautar Nobel a 1906.

Haka nan babin da ya kasa masu raunin himma gida-gida yana da armashi. Akwai mai tara littattafai bai rubuta kome ba, akwai kuma mai ƙaunar na'ura, yana kulle ta kada wani ya taɓa.

3.0 Rauninsa

Na farko, Cajal ya rage darajar kayan aiki. Ai ƙaramin giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin bai tabbata ga ido ba sai a shekarun 1950, bayan samuwar madubin ilektoron. A yau kuwa mai nazarin ƙwaƙwalwa yana bukatar na'urar MRI, da lissafi, da kwamfuta, da taron abokan aiki. Ɗalibin da ba a horar da shi a kan waɗannan ba, kome himmarsa, hannu ɗaya ne da ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, ya ɗauka cewa mai bincike namiji ne, har ya ba shi shawarar irin matar da zai aura. Rita Levi-Montalcini, wadda ta yi bincike a ɗakin kwananta a Turin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma sami Nobel a 1986, ta gaskata ra'ayinsa game da himma, ta rushe na game da mata.

4.0 Kammalawa

Alhasili, littafin ya cancanci a karantar da shi, amma tare da sharhi. Haɗarinsa shi ne hukuma ta fake da shi ta hana ɗakin gwaji kayan aiki, sannan a ɗora wa ɗalibi laifin lalaci. Himma alhakin ɗalibi ce. Kayan aiki da horo kuwa alhakin jami'a ne.