Amare, Kwanon Ciyayya Ba Ya Komawa Wayam

Wata sabuwar ɗabi'a ta kutso kai cikin ciyayya, kuma in aka ci gaba da yi mata kara, nan gaba kaɗan za ta miƙe ƙafa ta zama al'ada. Ki tuƙa tuwonki, ki kaɗa miya, ki zuba a kwano ki aika gidan maƙwabta. A juye, a miƙo wa yaro kwanon wayam, a ce masa "ka ce an gode." Gobe haka, jibi ma haka. Wani gidan ma ko kwanon ba za a miƙo ba, sai a ce "je ka, za a kawo," daga ranar kuma kin yi ban kwana da samirarki.

Mu da muka tashi a Nangere da Potiskum mun san ba haka aka koya mana ba. Rana na yin sanyi za ki ga yara suna ta gilmawa a lungu, kwanuka a ka an rufe da faifai, wannan na shiga wancan na fita. Burabusko ya tafi, dambu ya dawo. Tuwon dawa da miyar kuka ya shiga wani gida, ɗanwake ya fito. Babu ruwan kwano da cewa nan gidan Karekare ne, can na Bolewa ko na Ngizim, ko Fulani ne ko Hausawa. Ranar Laraba in an ci kasuwar shanu ta Potiskum, gidan da maigidansu ya yi sa'ar ciniki ba sai sun yi shela ba, maƙwabta za su ji labarin a cikin miya. A ƙofar gida kuma magidanta su shimfiɗa tabarma, kowa a fito masa da nasa, a haɗa a ci tare, baƙon da dare ya riske shi ya sa hannu, almajiri ya samu rabonsa. Dokar da ta riƙe wannan duka guda ɗaya ce, babu wanda ya taɓa rubuta ta, amma kowace yarinya ta san ta tun kafin ta iya hura wuta: abin da ya shigo miki cike ba ya fita wayam.

Kada wata ta ce na manta da sadaka. Sadaka daban take. Abincin da aka kai wa tsohuwar da ba ta da mai yi mata, ko gidan marayu, ko gidan rasuwa, ko mai jego, babu mai hankalin da zai tsaya jiran ramuwa. Ina magana ne a kan gidaje biyu da kowanne ya ɗora tukunya, hayaƙin wannan na shiga madafin wancan, amma kwano hanya ɗaya kawai ya sani.

Abin da ya fama mini wannan miki wani wasan Turawa ne da na karanta labarinsa, wanda suke kira jiyokashin. A farkon watan Mayun shekarar 2000 gwamnatin Amurka, zamanin Bill Clinton, ta daina dagula saƙon GPS da farar hula ke amfani da shi, sai na'urorin mutane suka fara nuna wuri kusan daidai. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya ɓoye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Ya zuba littattafai da kaset-kaset na bidiyo da ɗan kuɗi da danƙon harbi da gwangwanin wake, ya haɗa da littafin sa hannu da fensir, sannan ya sanar da lambobin wurin a intanet. Sharaɗinsa: wanda ya gano bokitin ya ɗauki wani abu, ya bar wani abu. Daga wannan bokiti wasan ya bazu, yau akwai irin waɗannan maɓoya sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, wasu a kogon itace, wasu a ƙarƙashin dutse, wasu a bayan allon kan titi.

To ku ji ladubban da suke karanta wa sabon shiga. In ka ɗauka, ka ajiye abin da ya kai darajar wanda ka ɗauka ko ya fi shi. In ba ka zo da komai ba, ka sa hannu a littafi ka kama gabanka. Kada ka bar abinci, saboda dabbobi za su ji ƙamshi su farfasa akwatin. Kada ka bar wuƙa ko wani abu mai haɗari, don yara ma suna wasan. Ka rufe murfi da kyau, ka mayar da akwatin inda ka same shi. Akwai kuma wasu 'yan ƙarafa masu lamba da suke kira Travel Bug, waɗanda mai su ya sake su don su yi yawo daga maɓoya zuwa maɓoya. Waɗannan ba kayan musaya ba ne, amana ce, in ka ɗauka dole ka kai ta gaba. Kuma duk da wannan tsari, kukan da tsofaffin 'yan wasan ke yi kullum shi ne akwati kan fara da kaya masu kyau, bayan 'yan watanni a buɗe a tarar da marafen kwalba da karyayyun kayan wasan yara da tsohon rasit. Kowa ya zo ya ɗauki mai kyau ya bar wanda bai kai shi ba, a hankali har akwatin ya zama bola.

Na yi dariya, daga baya dariyar ta koma takaici. Waɗannan mutane ba su san juna ba, ba za su taɓa haɗuwa ba, babu mai ganin hannun wani a tsakiyar daji, amma suna jin nauyin su ɗauka ba su ajiye ba, har suna rubuta wa juna nasiha a kai. Mu kuwa katanga ɗaya ta raba mu. Gobe da safe za mu haɗu a bakin famfo, jibi a gidan suna, amma ki juye abincin mutum ki miƙo masa kwano wayam, idonki ƙyar, ko gezau.

Ai ma gara mai mayar da wayam a kan wata. Akwai gwanar da ta fahimci cewa ba a mayarwa haka nan, sai ta samo dabara. Ki aika da shinkafa da miyar da ta ji nama, ta ramo miki da ɗumamen shekaranjiya da ya fara tsami, ko ƙanzon da ta kankare daga gindin tukunya, ko miyar da in kika leƙa za ki hango fuskarki a ciki. Ta sauke farali ke nan a ganinta. Kuma ba wai shi suka ci a gidan ba, ƙamshin suyarta tun la'asar yake hana ki sakat. Wannan ita ce mai ɗaukar agogo ta bar marfin kwalba. Ba a ce lallai in an kawo miki kaza ki yanka kaza ba, ciyayya ba awon sikeli ba ce. Abin da ake so shi ne ki ɗebo daga tukunyar da ke da mijinki da 'ya'yanki za ku ci, ba daga wadda kike shirin ba wa awaki ba.

Sai masu riƙe kwano. Jama'a, abincin ne kyauta, kwanon ba kyauta ba ne! Kula mai tsada da mace ta samo a kayan ɗakinta, ta shiga gidanki ta yi aure. In aka aiko yaro karɓa, a ce ba a wanke ba. In aka sake aikowa, a ce an kai wa Hajiya abinci da ita asibiti. Ranar da ta dawo, in ta dawo, ba murfi, ko an ɗora mata murfin wata langa da bai hau ba, ko hannu ɗaya ya karye an yi shiru. Alhali hukuncin wannan a fili yake tun zamanin Manzon Allah (SAW). Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa wata daga cikin matan Annabi ta aiko da abinci ɗakin da yake, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara abincin, ya tsayar da ɗan aiken har aka kawo lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa, aka mayar wa mai shi, fasasshen ya zauna inda aka fasa shi. In gidan Annabta an biya akushi da akushi, ke wace ce da za ki mayar da kular mutane ba murfi ki ce "sai haƙuri"?

Don gudun wannan ɓacin rai ne wasu suka koma leda da robar nan da ake ci a yar. Na fahimce su, wanda aka cinye wa kwanuka dole ya nemi mafita. Amma maganin ya zo da tasa cutar. Kwano shi ne ke tilasta a amsa, domin dole ya koma gidansu, kuma mai kunya ba za ta bari ya koma haka nan ba. Leda ba ta komawa ko'ina sai kwata, ta toshe magudanar ruwa damina ta zo mu yi ta kuka. Daga ranar da kika fara ƙulla tuwo a leda kin sanar da maƙwabciyarki cewa ba kya jiran komai daga gare ta, ita ma ta samu hujjar naɗe hannu.

Ga kuma ciyayyar neman suna, wadda ta fi tashe da azumi. A soya wannan, a gasa wancan, a jera a tire, a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp da Facebook tun kafin a sha ruwa. Sannan a ɗora wa yaro ya hau Keke Napep ya tsallake gidaje goma na unguwa ya kai gidan Alhaji wane a can cikin Potiskum, gidan da ko buɗe kular ba lallai a yi ba. Maƙwabciyar da ta aiko miki da kunun tsamiya da ƙosai kuwa, rabonta shi ne ta ga hoton. Nana A'isha ta tambayi Annabi wane ne cikin maƙwabtanta biyu ya fi cancantar kyautarta, ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa da tata. Bai ce wanda ƙofarsa ta fi girma ba.

Na san abin da za a ce: rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma duk mai zuwa awo kasuwar Dawasa ko ta hatsi a Potiskum ba ya bukatar a karanta masa alƙaluma. To amma iyayenmu da suka riƙe ciyayya sun ga farin shekarun 1970 da na 1980, kwano bai daina yawo ba. A hadisi an hori mata Musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne, an kuma umarci Abu Zarri ya ƙara wa romonsa ruwa don maƙwabta su samu. Dabino uku, ƙullin gyaɗa, curin fura, ɗan garin kuka ko daddawa, duk suna cika kwano. In ma ranar babu komai, ki wanke shi tas, ki ba yaron ɗan tukwici, ki ce ya gaya wa Mamansa yau ba ki samu dama ba. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa. Babu mai jin haushin wadda ta gaza yau, ana jin haushin wadda ta mayar da gazawa sana'a.

Dole in sara wa amaren yanzu a wuri guda, ko ba na so: sun iya girki. Abubuwan da suke haɗawa daga kallon bidiyo a waya, mu a shekarunsu ko sunansu ba mu sani ba, kuma in suka ga dama suka aiko, sai an lashe kwano. Laifin ma ba nasu ne su kaɗai ba. Akwai manyan mata da suka mayar da ciyayya kotu, suna ƙirga tsokar nama, suna yawo da amarya a gari don miyarta ta yi gishiri, har yarinya ta tsorata ta rufe ƙofarta. Akwai kuma uwayen da suka cika wa 'ya'yansu ɗaki da jeren kuloli har rufi, amma ba su zaunar da su minti biyar sun gaya musu abin da ake yi da kulolin ba.

Saboda haka ƙannena amare, ku saurara, abin ba shi da wuya. In kin tare a unguwa kwano ya fara shigo miki, maraba ake yi miki, kuma tambaya ce ake jiran amsarta. Ki juye, ki wanke, ki zuba abin da kika dafa komai ƙanƙantarsa, ki rufe da murfinsa na asali, ki mayar a ranar. In kin fasa, ki faɗa ki biya. In kin san ba za ki iya ɗorewa ba, ki shiga da ƙafarki ki gaishe da maƙwabciyar ki gaya mata cikin ladabi, ya fi ki yi ta karɓa kina shiru. Ku kuma iyaye mata, kafin ku raka 'yarku ɗakin miji, ku haɗa mata da wannan karatu cikin kayan gara. Wadda kuma ta san akwai kwanon mutane a ƙarƙashin gadonta yanzu haka, don Allah ta fito da shi yau, ta sa wani abu a ciki, ta aika a kai wa masu shi. Allah Ya bar zumunci.