Haɗarin Mota a Littattafan Hikaya: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Maganar da za mu taɓa a wannan fitowa ta daɗe tana yawo a bakin iyaye, musamman iyaye mata, wato littattafan hikaya da 'ya'yanmu suke karantawa. Da can a takarda ake saro su daga Kano, a haɗo da atamfa da turare a mota ɗaya, mai ba da haya ya baza su a tebur. Yanzu sun koma cikin waya, a WhatsApp da Wattpad, wasu ma a YouTube ake karanta musu, yarinya tana wanke-wanke tana saurare. Koken iyaye shi ne abin ya cika tashin hankali: yau haɗarin mota, gobe fyaɗe, jibi an sha guba. Wasu suna cewa a hana karatun gaba ɗaya. Mun zauna mun duba da dama daga cikin littattafan nan, na takarda da na waya, ga kuma abin da muka gani.

Da farko a yi adalci. Ba yaran yanzu ne suka fara sa baƙin ciki a littafi ba. Tun gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, akwai wahala a hikayar Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita, ta ƙetare hamada, ta gan shi bayan shekaru, ba ta jima ba ta cika. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin ramuwar gayya ne da ya ci gida guda. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, cike yake da kisa. Da waɗannan aka karantar da mu da yayyenmu, ba wanda ya ce sun lalata mu. Kai, ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da muke biya wa yara a Islamiyya, akwai hassadar 'yan'uwa a ciki, da rijiya, da kurkuku, da uba da kuka ya tafi da ganinsa. Saboda haka wanda ya ce kada a ambaci musiba a labari, ya nemi abin da ba zai yiwu ba.

Hanawa kuma an gwada. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafai a bainar jama'a. Rubutun bai mutu ba, sai ma ya bar takarda ya shiga inda babu mai tacewa. To tun da ba za a iya toshe kogi ba, sai a duba yadda za a gyara masa hanya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ake wasa da haɗarin mota. Duk mai karatun littattafan nan ya san yadda abin yake tafiya. Marubuci yana son yarinya ta zama marainiya ta faɗa hannun muguwar matar kawu, sai ya ɗora iyayenta a mota a shafi na uku, a shafi na huɗu an yi jana'iza, a na biyar wani ɗan Alhaji ya hango ta a bakin famfo. Ko kuma uwargida ta tare wa amarya hanya, marubuci ya rasa yadda zai yi da ita, sai tirela ta zo ta yi masa aikin. Ko saurayi ya bugu a kai ya manta kowa, sai a littafi na uku ya sake buguwa ya tuna. Motar nan ta zama tsintsiya, duk wanda ya tsaya wa labari a gaba sai a share shi da ita. Wannan ragwanta ce. Ɗan Adam ba shara ba ne, ko da na cikin littafi ne.

Mu mutanen Mubi mun san hanya. Kakanninmu fatauci ya kawo su nan daga Kano da Katsina da Haɗeja, mu ma a kan taya abincinmu yake. Mun san Mararraba, mun san Hong da Gombi da Song har Yola. Mun san hanyar Michika da Madagali, mun san doguwar tafiyar Kano ta Biu. Mun san tirelolin da suke lodin shanu a kasuwar nan su nufi kudu, yaranmu suna zaune a saman katako. Da wuya ka sami gida a unguwar nan da ba a taɓa shimfiɗa tabarmar makoki saboda haɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya duk shekara. Ko masu kallon finafinan Hausa ba su manta Balaraba Muhammad ba, da ta rasu a haɗari a 2003 tana amarya, da Ahmad S. Nuhu a 2007. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya cinye mutane haka bai kamata a mai da shi abin cike gurbi ba.

Aibu na farko da muka gani, haɗarin littafi ba shi da sanadi. Sai dai ka ji an ce taya ta fashe, ko mota ta ƙwace, shi ke nan, ƙaddara ta riga fata. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana riƙo da sababi. Ina tayar da ta suɗe aka ƙi canzawa? Ina direban da ya kwana biyu bai runtsa ba don mai mota yana jiran balas? Ina mutum huɗu a kujerar mutum uku, biyu a gaba, buhu a but har ya ƙi rufuwa? Ina ramin da ya shekara a tsakiyar titi? Ina mu fasinjoji da muke cewa direba ya taka don mu riski kasuwa? A shari'a kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ka ga ashe shari'a ba ta ɗauki sakaci abin banza ba. Direban da ya tsira, mutum shida suka mutu a hannunsa, yaya yake kwana? Wannan kaɗai littafi ne guda, amma ba mu ga an damu da shi ba. Abin sha'awa, lokacin da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, marubuci aka ba shugabancinta, Wole Soyinka, wanda tun 1965 ya rubuta wasan kwaikwayo a kan direbobi da 'yan tasha da mutuwar hanya. Ashe alƙalami yana da abin cewa a nan.

Aibu na biyu ya fi na farko ciwo. A yawancin littattafan, haɗari bulala ce ta mugu. Kishiya mai bin bokaye ita ce take ƙarewa a keken guragu, azzalumin Alhaji shi ne yake ƙonewa a mota. Mai karatu ya ce alhamdu lillahi, alhaki ya kama shi. To yarinyar da mahaifinta ya rasu a hanyar Gombi yana neman halaliyarsa, idan ta karanta irin wannan sau goma, me aka shuka mata a zuciya? Wanda aka yanke wa ƙafa yana zaune a ƙofar gida, da wane ido yara za su dube shi? Wannan koyarwa ba ta addini ba ce. Musiba tana samun na kirki, tana samun na banza. Malamai da yawa ma, bisa ƙiyasi da wanda gini ya faɗa wa ko ruwa ya ci, suna yi wa wanda ya mutu a haɗari fatan samun ladan shahada. Marubuci ba shi da hurumin raba wa mutane hukuncin Allah da sitiyari.

Aibu na uku, ba a zama da masu makoki. Mutuwa a littafi layi biyu ce, biki kuwa shafi talatin, har da kalar leshi da sunan mota. Mu da ake kira wankan gawa da sallar jana'iza mun san abin yana farawa ne bayan an watse daga maƙabarta. Akwai takaba, wata huɗu da kwana goma. Akwai masu bin bashi da suke sallama tun ba a yi sadakar bakwai ba. Akwai rabon gado da yake raba zumunci, da yaron da aka cire daga makaranta aka kai shi tasha, da wanda ya karye ake yawo da shi tsakanin asibiti da mai ɗori har jari ya ƙare. A nan ne muke yaba wa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ta zauna da Rabi bayan miji ya kore ta da 'ya'yanta, ta nuna mana yadda take sayar da abinci tana riƙe gida. Ko da gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, labarin bai tsaya a tafi da murna ba, don nauyin ya sake komowa kan Rabi ɗin. Mutum zai iya saɓa mata a wasu wurare, amma ta san wahala tana da washegari.

Aibu na huɗu kishiyar na uku ne. Wasu, musamman masu rubutun waya, sun ɗauka gwaninta ita ce zayyana jini da tsoka dalla-dalla. Halin nan ɗaya ne da na masu zuwa wurin haɗari su zaro waya suna ɗaukar hoto maimakon su kama a ɗaga, kafin iyalan mamaci su ji labari hoton ya zaga gari. Gawa tana da alfarma, shi ya sa ake suturta ta. Marubuci ma ya koyi suturtawa. Takalmi ɗaya da aka kawo gida a leda ya isa ya sa mai karatu hawaye, ba sai an buɗe masa likkafani ba.

Haka batun kashe kai. Tun fitowar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, inda Sumayya ta faɗa rijiya saboda an raba ta da wanda take so, ake wannan muhawara. Masu kare littafin sun ce auren dole yake yaƙa, kuma gaskiya ne auren dole ya cuci 'ya'ya mata da yawa. Amma tsoron iyaye ma ba shirme ba ne. Ko a Turai, da Goethe na Jamus ya fitar da labarin saurayin da ya kashe kansa saboda soyayya a 1774, an yi ta kukan matasa suna kwaikwayo, har wasu garuruwa suka hana sayar da littafin. Masana lafiya a yau suna gargaɗin kada a bayyana hanyar da aka bi, kada kuma a nuna abin a matsayin mafita. Marubucin da ya sa yarinya ta yi yunƙurin halaka kanta, sai iyaye suka tsorata suka ba ta wanda take so, ya sani darasi ya koyar, kuma za a tambaye shi.

Akwai abin da ya sa maganar nan ta fi nauyi a garinmu. A ƙarshen Oktoban 2014 garin nan ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, muka watse, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu a ƙafa suka nufi Yola. Ranar 21 ga Nuwamba 2017 bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba, ranar 1 ga Mayu 2018 aka sake. Yaran da suka ga wannan da idonsu su ne masu karatun yau. Akwai wadda har yanzu ƙarar fashewar taya take sa ta rawar jiki. Ba mu ce kada a rubuta abin da ya same mu ba. A rubuta, don kada a manta. Labarin da ya fara lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Amma mai miki, ana sallama kafin a taɓa shi.

Shi ya sa muke ba marubuta shawara irin ta 'yan kasuwa. A ƙa'idar ciniki, idan haja tana da abin da mai saye zai ƙi, wajibi ne ka faɗa masa kafin ya biya. To me zai hana marubuci ya sa layi biyu a farkon littafi, ya ce a cikin labarin nan akwai haɗarin mota da mutuwar iyaye, ko akwai fyaɗe, ko harin bam? Wasu za su ce an tona labari. Ba a tona ba, don ba a faɗi wa abin ya samu ba, ko yaushe. Wasu za su ce shagwaɓa ce irin ta Turawa. Mu dai mun san ko a al'adarmu ba a faɗa wa mutum rasuwa a tsaye. Sai an zaunar da shi, an kewaya, an ce jiki ya yi tsanani, kafin a sauke masa. Marubutan waya sun iya rubuta lambar asusun banki a saman kowane shafi, layi biyun nan ba zai gagare su ba.

Iyaye kuma, ƙwace waya ba ya maganin komai, gobe za ta ari ta ƙawarta. Ku tambayi 'ya'yanku me suke karantawa, ku sa su ba ku labarin, ku ji inda ya dosa. Idan yarinya ta gama littafi ta kwana biyu ba walwala, a jawo ta a jiki, wataƙila wani tsohon ciwo aka fama. Malaman Islamiyya su ma su daina yin kamar littattafan nan ba su wanzu, alhali rabin aji suna karantawa. Matasanmu da suke Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Mubi, masu sha'awar rubutu, ga fili. Kun san tasha, kun san asibiti, kun san gidan makoki. Ku rubuta mana direba da karen mota da matar da take takaba yadda suke, ku bar aron haɗari daga finafinan Indiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kiyaye matafiyanmu a duk inda suka nufa. Wassalamu alaikum.