Ka San Ƙarshen Fim Ɗin, Amma Ba Ka Iya Tashi

Duk wanda ya shiga silima a 1973 don kallon The Day of the Jackal ya san Janar Charles de Gaulle ba harbe shi aka yi ba. Tsohon shugaban na Faransa ya rasu ne a gidansa na ƙauye a 1970. Ga fim kan makashin haya da aka ɗauka ya hallaka shi, kowa kuma ya san aikin ba zai yiwu ba. Duk da haka darakta Fred Zinnemann ya dasa mutane a kujera fiye da awa biyu, zuciya na dakan uku-uku.

Labarin yana da tushe. A Agustan 1962 'yan ƙungiyar OAS, masu jin haushin sakin Aljeriya da de Gaulle ya yi, sun buɗe wa motarsa wuta a Petit-Clamart, Allah ya yi da sauran kwanansa. Frederick Forsyth, ɗan jaridar Ingila da daga baya ya yi rahoton yaƙin Biyafara, shi ya ɗora ƙagen littafinsa na 1971, wanda daga shi aka yi fim ɗin, a kan wannan: ƙungiyar ta ɗauko wani baƙo da babu hukumar da ta san fuskarsa, kan dala 500,000.

Gwanintar ita ce an ɗauke hankalinka daga "zai kashe shi?" an mai da shi kan "ta yaya zai kai gare shi?" Sai a nuna maka aikin dalla-dalla, ba gaggawa. Edward Fox, wanda ya fito a makashin, yana yawo a maƙabarta yana duba sunayen yaran da suka mutu, har ya sami wanda da yana raye da sa'ansa ne. Da sunan ya karɓi takardar haihuwa, da ita ya yi fasfo. Ya je Janowa wajen maƙerin bindiga, suna maganar tsawo da nauyi kamar tela da mai ɗinki. Sannan ya shiga daji ya rataye kankana a bishiya, ya harba, ya gyara saiti, ya sake harbawa. Da ya sa harsashi mai fashewa, kankanar ta tarwatse. Ba wanda ya ce uffan, amma ka gane kan wa kake gani.

Abin tsoron ma, kafin ka ankara kana yi wa mai kisa fatan tsallake shingen 'yan sanda, don kawai ka ga ya iya aikinsa.

Mai farautarsa, Kwamishina Lebel, ba jarumi ba ne irin James Bond. Mutum ne mai gajiyayyun idanu, makamansa tarho da tarin takardun otal-otal, kullum kuma yana isa wurin bayan makashin ya bar shi. Da ya ga asiri na fita daga majalisar manyan da yake kai wa rahoto, wayoyinsu duka ya sa aka riƙa saurara, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Kiɗa kusan babu shi a fim ɗin. Agogo ne ke yawan bayyana. A ganina nan yawancin finafinan leƙen asiri na yanzu suke faɗuwa, suna cika kunne da ƙara da fashe-fashe don kada a lura labarin bai da ƙashi. Idan ka samu na 1973 ɗin, ka kalle shi a zama ɗaya, kada ka tsallake wuraren da kake ganin babu abin da ke faruwa.