Kambun da Aka Hana Wiley: Muhawara da Wariyar Launin Fata a Idon Fim

A shekarar 1935, 'yan muhawarar wata ƙaramar kwaleji ta baƙaƙen fata da ke garin Marshall, a gabashin jihar Texas, suka yi tattaki zuwa Los Angeles suka kara da Jami'ar Kudancin California, wadda ke riƙe da kambun muhawara na Amurka a lokacin. Suka kayar da ita. Sunan kwalejin Wiley, cocin Methodist ne ya kafa ta a 1873 domin ilimantar da bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu, kuma mai horar da ɗaliban shi ne malamin Turanci, mawaƙi, Melvin B. Tolson. Sai dai nasarar ba ta ba su kambun ba, domin ƙungiyar da ke kula da muhawarar kwalejoji, Pi Kappa Delta, ba ta karɓar baƙar fata a wancan zamani, kuma ba ta buɗe musu ƙofa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan shekara 72, a Disambar 2007, Denzel Washington ya fitar da The Great Debaters a kan wannan labari. Shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin Tolson, kamfanin Harpo na Oprah Winfrey ya ɗauki nauyi, Robert Eisele ya rubuta. Fim ɗin ya sami karɓuwa, har ya shiga takarar Golden Globe. Amma a cikinsa babu California. An mayar da karawar ƙarshe Jami'ar Harvard, aka kuma rufe da tafi da ɗaga kofi. Maganar hana kambu ba ta sami gurbi a labarin ba.

Wannan sauyi ba kuskure ba ne, tsari ne. Hollywood na da wani tsohon gwadabe da take bi wajen ba da labarin gasa: malami mai tsauri, yaran da aka raina, horo mai wuya, nasarori a jere, faɗuwa ɗaya mai zafi a tsakiya, sai babbar karawa. Washington ya san gwadaben sosai, don a shekarar 2000 ya fito a Remember the Titans a matsayin kocin ƙwallon wata makarantar Virginia da aka haɗa ɗalibanta farare da baƙaƙe. The Great Debaters ya ɗauki wannan ƙira ya cire ƙwallo ya sa magana. Kamar a dandalin dambe, sai an ajiye shago mafi suna zuwa turmin ƙarshe kafin 'yan kallo su gamsu, kuma a kunnen mai kallon yau babu sunan jami'ar da ya kai Harvard nauyi. Matsalar ita ce, da zarar an zaɓi wannan gwadabe, dole labarin ya ƙare da alƙalai suna miƙa kofi, alhali abin da ya faru a 1935 ya fi haka ɗaci, ya kuma fi nuna yadda wariya take aiki.

Kafin a yi wa fim ɗin hukunci, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Shahararrun finafinan da suka taɓo zaluncin kudancin Amurka sun daɗe suna ɗora labarin a kafaɗar farar fata mai kirki. A To Kill a Mockingbird na 1962, lauya Atticus Finch ne gwarzo, baƙin da ake tuhuma kuwa kusan ba shi da ta cewa. A Mississippi Burning na 1988, wanda aka gina a kan kisan 'yan fafutika uku a 1964, jami'an FBI biyu farare ne suka mamaye allo. The Great Debaters ya kauce wa wannan. Duniyarsa ta baƙaƙe ce masu ilimi: aji inda ake karanta waƙoƙin marubutan Harlem, gidan farfesa mai cike da littattafai, coci, liyafar ɗalibai. Forest Whitaker ya fito a matsayin James Farmer babba, malamin addini da ya sami digirin dakta a Jami'ar Boston a 1918. Ba kasafai ake ganin irin wannan gida a finafinan da ke magana a kan shekarun 1930 ba, inda aka saba nuna baƙar fata a gona ko a kicin.

Kuma a kan wannan farfesa ne fim ɗin ya yi aikinsa mafi kyau. Yana tafe da iyalinsa a mota a wata hanyar ƙauye, sai ya buge alade. Masu aladen fararen manoma ne matalauta, da bindiga a hannu. Suka yanka masa kuɗin da ya wuce kima, ya miƙa musu cekin albashinsa, aka yar da shi ƙasa domin ya sunkuya ya ɗauka, sannan aka sa shi ya taya ɗaukar mushen. Ɗansa ɗan shekara 14 yana kallo daga cikin mota. Mutumin da ya san harsuna da dama, wanda zai iya warware kowace hujja a aji, bai buɗe baki ya yi gardama ba, domin ya san a wannan hanya kalma ɗaya na iya jawo wa iyalinsa mutuwa. Wannan yaro shi ne James Farmer ƙarami, kuma ya ba da labarin aladen a tarihin rayuwarsa, Lay Bare the Heart, da ya fito a 1985.

Haka abin yake a daren da Tolson da ɗalibansa suka ci karo da gungun fararen fata da suka rataye wani baƙi suka cinna masa wuta. Babu abin da suka iya yi face duƙawa a cikin mota da tserewa. A waɗannan wurare biyu fim ɗin ya amince da iyakar abin da yake yabo: muhawara tana buƙatar abokin karawa da ya yarda ya saurara, da alƙali, da ƙa'ida, kuma Texas ta 1935 ba ta ba baƙar fata ko ɗaya daga cikinsu a wajen harabar makaranta. Ƙididdigar Cibiyar Tuskegee ta nuna an kashe baƙaƙe sama da 3,400 ta irin wannan kisan gungu tsakanin 1882 da 1968. A shekarar da labarin ke faruwa ma, sanatocin kudu sun daƙile ƙudirin Costigan da Wagner na hukunta masu wannan kisa ta hanyar jan magana a majalisar dattawa har aka haƙura. Su ma da baki suka yi aikinsu. Sai a 2022 Amurka ta sami dokar tarayya a kan batun.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne a kan muhawarar kanta. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar muhawara a sakandare, a Kano ne ko a Texas, ya san ba shi yake zaɓen ɓangarensa ba. Yau a ba ka goyon baya, gobe a ba ka suka, kuma gwanintar tana cikin iya kare ra'ayin da ba naka ba. A fim ɗin kuwa 'yan Wiley kullum suna gefen gaskiya. Da suka kara da fararen ɗaliban Oklahoma City, su ne masu cewa a buɗe wa baƙaƙe jami'o'in jihohi. A Harvard, su ne masu kare bijire wa dokar zalunci cikin lumana, suna kafa hujja da Gandhi da kisan kiyashin Amritsar na 1919. Kuma kusan kowace karawa ana cinye ta ne da jawabi mai sosa zuciya, ba da warware hujjar abokin hamayya ɗaya bayan ɗaya ba. Batun da kwalejojin Amurka ke ta muhawara a kansa a zangon 1934 zuwa 1935 kuwa shi ne hana safarar makamai tsakanin ƙasashe. A nan ƙarfin nasarar ta ainihi yake: baƙaƙen ɗalibai sun doke zakarun ƙasa a fagen da ba na kukansu ba, da karatu da lissafin hujja, a lokacin da ake koyar da cewa ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba. Fim ɗin ya mayar da su masu ba da shaida a kan azabarsu, abin da mai kallo ya riga ya yarda za su iya.

Ana iya gane dalilin marubucin fim ɗin. Farmer ƙarami, wanda ya shiga Wiley yana ɗan shekara 14, shi ne ya haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar fafutikar 'yancin baƙaƙe ta CORE a Chicago a 1942, bisa koyi da salon Gandhi. Shi ya shirya tafiye-tafiyen motocin bas na 1961, inda farare da baƙaƙe suka zauna tare suka ratsa kudu, aka ƙona mota ɗaya a Alabama, aka lakaɗa wa da yawa duka. A 1962 ya yi muhawara da Malcolm X a Jami'ar Cornell. Biyu daga cikin matasa ukun da aka kashe a Mississippi a 1964 ma'aikatan ƙungiyarsa ne. Don haka jawabin ƙarshe na fim ɗin an rubuta shi ne daga gaba zuwa baya: an ɗauki dattijon da ya karɓi lambar yabo daga hannun Shugaba Clinton a 1998, aka sa aƙidarsa a bakin yaron 1935.

Akwai wasu gyare-gyaren. Samantha Booke, wadda Jurnee Smollett ta taka, an ƙirƙire ta ne daga Henrietta Bell Wells, mace ta farko a tawagar, wadda ta yi zamaninta a 1930 ta kuma kara da ɗaliban Jami'ar Michigan a Chicago. Henry Lowe na Nate Parker ya samo asali daga Henry Heights. Hobart Jarrett, wanda yana cikin waɗanda suka je California, ba ya cikin taurarin fim ɗin. Haɗa mutane da shekaru irin wannan al'adar fim ce, ba abin tayar da jijiyar wuya ba. Wanda ya fi damuwa shi ne wurin da Tolson ke ba ɗalibinsa labarin Willie Lynch, wai wani mai bayi da ya koyar da dabarun karya zuciyar bawa. Jawabin da ake jingina wa wannan mutum ya bazu ne a shekarun 1990, kuma masana tarihi sun nuna ƙirƙira ce. Abin takaici ne a sa labarin da ba shi da tushe a bakin malamin da aikinsa shi ne koya wa yara tantance madogara.

Tolson kansa ya fi ƙarfin fim ɗaya. An nuna shi yana fita da dare cikin kayan manoma yana haɗa kan masu noman kashi-mu-raba, farare da baƙaƙe, abin da ya sa aka kira shi ɗan gurguzu aka kama shi. A wannan zamani ne aka kafa ƙungiyar irin waɗannan manoma a Arkansas, a 1934. Amma mawaƙin bai fito sosai ba. Ya yi karatu a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania, inda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu bayansa. A 1947 Laberiya ta naɗa shi mawaƙin ƙasa, a shekarar kuma ya koma Jami'ar Langston a Oklahoma, inda daga baya ya zama magajin garin. Ya rasu a 1966, shekara ɗaya bayan fitowar littafinsa Harlem Gallery.

Fim ɗin ya yi wa Wiley rana a zahiri. Washington ya ba kwalejin dala miliyan ɗaya domin farfaɗo da ƙungiyar muhawarar da ta daɗe da mutuwa, kuma a 2014 sabuwar tawagar ta zo ta ɗaya a gasar ƙasa ta Pi Kappa Delta ɗin nan.

Tambayar da aka sa a muhawarar Oklahoma City, ko za a buɗe wa baƙaƙe jami'o'in jihohi, wani tsohon ɗalibin Wiley ne ya kai ta gaban alƙalai na gaske. Heman Sweatt ya kammala kwalejin a 1934, ya zama ma'aikacin gidan waya a Houston. A 1946 ya nemi gurbi a sashen shari'a na Jami'ar Texas, aka hana shi saboda launinsa. Domin kare tsarin "a raba amma a daidaita" da Kotun Ƙoli ta halatta tun 1896, jihar ta yi sauri ta buɗe wa baƙaƙe wata makarantar shari'a ta daban a 'yan ɗakuna a Austin. Sweatt ya ƙi shiga. Thurgood Marshall, shi ma ɗan Lincoln, yana cikin lauyoyin da suka tsaya masa, kuma a 1950 alƙalan Kotun Ƙoli gaba ɗaya suka yanke cewa a karɓe shi, shekara huɗu kafin hukuncin Brown da ya haramta wariya a makarantun gwamnati. Sweatt ya shiga jami'ar a kakar wannan shekara, ya sha tsangwama da barazana, lafiyarsa ta taɓu, ya bar karatun a 1952 ba tare da digirin ba.